Tashi Ba Sallama: Salsalar Gidanmu a Cikin Kwamfuta

Na san da yawa daga cikinku za su yi mamakin ganin batun kwamfuta a wannan mujalla tamu, wadda aka saba cika ta da waƙa da karin magana da nazarin nahawu. To, ku yi haƙuri ku biyo ni. Abin da zan yi magana a kansa ƙarami ne ƙwarai a ido, da ƙyar ya fi ƙwayar dawa girma a kan allon kwamfuta, amma kuwa yana iya haɗiye zuriya guda cikin ƙiftawar ido. Watau ina nufin 'yar alamar nan ta X da ke can ƙuryar sama ta kowace taga, wadda ake dannawa in ana so a rufe ta. Tambayar ita ce, in mutum ya rubuta wani abu a cikin tagar bai riga ya adana ba, sa'an nan ya danna wannan alama, me ya kamata manhajar ta yi da rubutunsa? Ta zubar? Ta adana masa? Ko ta tsaya ta tambaye shi?

Bari in fara da dalilin da ya sa abin ya dame ni. Danginmu sun warwatsu ne tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar yadda dangin mutane da yawa na wannan yanki suke, domin auratayya da noma da cin kasuwar Talata sun daɗe da ɗinke garuruwan nan uku. A da, wanda duk ke son sanin asalinsa ba sai ya wahala ba. Ga tsohon gida, ga gonar kaka, ga maƙabartar da aka rufe iyaye, kowane ɗaya shaida ne. Amma da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, sai aka tashi mutane masu yawa daga inda ruwa zai kwanta, har da na ƙasar Maradun, aka mai da su sabon matsuguni. Kowa kuma ya san abin da ya biyo baya a watan Afrilu na 1980, lokacin da manoma suka tsaya kan batun diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka far musu, aka rasa rayuka. Gidan da aka haifi kakana yana ƙarƙashin ruwa. A 'yan shekarun nan kuma ga tashin hankalin 'yan bindiga ya sake korar ƙauyuka zuwa cikin gari. Saboda haka shaidar da ta rage mana ita ce abin da ke cikin kan tsofaffinmu, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Sarakuna dai sun tsira, don suna da masu riƙe musu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya kuma yi suna da Maradun, ya rasu tun 1991, amma har gobe in ka saurari waƙoƙinsa za ka ji wane ya haifi wane a gidajen sarautar da ya yi wa waƙa. Haka nan Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Macciɗo, wanda ya riƙe Talata Mafara tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Gidan Sarkin Mafara da na Sarkin Burmin Bakura da na Sarkin Kayan Maradun ba su rasa masu lissafa musu kakanni ba. Talaka fa? Makaɗinsa ita ce gwaggonsa, in ta rasu an rufe littafi ke nan.

Wannan ya sa na ɗauri niyya a hutun da ya wuce in tattara salsalar gidanmu in zuba ta a kwamfuta. Akwai manhajoji iri-iri da aka yi musamman don wannan aiki. Turawa sun daɗe a kansa. Tun 1984 cocin nan na Mormon da ke Amurka ya fito da wani tsari mai suna GEDCOM domin manhajojin salsala su riƙa musayar bayanai a tsakaninsu, a 2001 kuma aka fara wata mai suna Gramps, wadda kyauta ce, kowa yana iya ɗauka ya yi amfani da ita, har ma ya gyara ta in ya iya. Aikinsu duka kusan iri ɗaya ne. Kowane mutum yana da shafinsa. In za ka shigar da shi sai wata 'yar taga ta buɗe, ka rubuta sunansa da garinsa da shekarar haihuwarsa. In za ka sa matarsa sai wata taga ta buɗe a kan ta farko. In za ka sa 'ya'yanta sai wata ta sake buɗewa a kan ta biyu. Ka ga mutumin da ya auri mata huɗu, ya saki biyu, ya ƙara biyu, kafin ka gama da shi tagogi sun hau kan juna kamar an jera faifai. Abin lura a nan shi ne, a yawancin irin waɗannan manhajoji duk abin da kake rubutawa yana zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, bai shiga rumbu ba tukuna, sai ka danna maɓallin amincewa. Kafin nan kamar hatsi ne da aka sheƙe yana kan tabarma, iska na iya kwashewa, akuya na iya cinyewa.

A Maradun na ga akuyar da idona. Muna da wata gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka yi wayo a tsohon gida. Ba ta yarda a ɗauki muryarta ba, ta ce ita ba zabiya ba ce. Don haka muka shirya ni ina tambaya, ƙanena yana bugawa a kwamfuta kai tsaye. Wanda bai taɓa karɓar salsala daga bakin tsohuwa ba bai san wuyarta ba. Ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗanta na fari ba, saboda alkunya, sai dai ta ce "mai sunan malam" ko "wancan yaron", kai kuma ka nemi wata jika ta raɗa maka. Muhammadu ya kai biyar a gida ɗaya, sai da laƙabi ake rarrabe su. Laƙabin ma shaida ne ga mai lura, domin in ta ce Tanko ka san mata ne suka riga shi, in ta ce Kande ka san maza ta biyo, in ta ce Talatu ka san ranar da aka haife ta. Shekara kuwa ba da lamba take ba ta ba. Sai ta ce wance an haife ta damina biyu bayan rasuwar Sardauna, ka lissafa daga 1966, ko ta ce an yi auren wane shekarar da aka canja fam zuwa naira, ka rubuta 1973. Mun fi sa'a guda a haka, mun sami matan kakanmu da 'ya'yan kowane ɗaki bi da bi, har da waɗanda suka rasu suna goye, waɗanda ban taɓa jin an ambace su ba.

Da aka kira la'asar sai ƙanena ya danna alamar nan ta X don ya rufe tagogin mu je masallaci. Shi a saninsa, yadda wayarsa take riƙe duk abin da ya rubuta, haka ita ma za ta riƙe. Manhajar, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta rufe tagar uwa da duk 'ya'yanta, ba ta ce uffan ba. Da muka dawo shafin kakanmu fayau, sai sunansa kaɗai.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, a sake mana daga farko."

Ta dube ni, ta dubi kwamfutar, ta ce, "Kai ɗan nan, ashe wanga abu naku ba shi da riƙo? Ni dai na hwaɗi, na gama."

Sai da muka kwana biyu muna lallashi kafin ta sake zama da mu. A zama na biyu kuwa jerin ɗaki ɗaya ya sauya, kuma biyu daga cikin jariran nan da suka rasu ba su fito ba sam. Da na tuna mata sai ta yi shiru, ta kawo wata hira. Na gane cewa ran farko zuciyarta ce ta buɗe, abin da ya fito ran nan ba kullum yake fitowa ba. Na riƙe sunan ɗaya a kaina. Ɗayan ya tafi.

To, mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, sai a sa manhaja ta riƙa adana kome da kanta da zarar an rufe taga. Haka masu ƙera manhaja da yawa suke gani a yau. Kamfanin Apple ya shigar da irin wannan tsari a kwamfutocinsa a 2011, Google Docs kuma, wanda da yawanmu muke rubuta jinga da shi, ba ya jiran ka ce masa ya adana. Ga wasiƙa ko jinga wannan daidai ne. Amma salsala ba jinga ba ce, a Bakura kuwa na ga dalili.

Can wani kawunmu ne ya zauna da mu, mutum mai son hira. Yana cikin lissafa mana 'ya'yan wani daga cikin kakanni sai ya ce, wane fa ba ɗan gidan ba ne, agola ne, da shi uwarsa ta zo. Ƙanena ya riga ya cire shi daga jerin 'ya'ya, ya buɗe masa taga zai sa masa wani uba. Sai Kawu ya yi tsam, ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ɗana. Kar ka rubuta wanga. Ni ma ji na yi, kuma jikokinshi na nan da rai." Ku duba nauyin abin. Mutumin nan an raba gado da shi, jikokinsa suna noma gonar da ya gada, suna aure a cikin dangi. A wurinmu nasaba ita ke nuna wanda zai ci gado da wanda ba zai ci ba, ita ke nuna wadda ta halatta ka aura da wadda ta haramta. Magana zarar bunu ce, amma ta baki tana iya tsayawa a zaure tsakanin mutum uku. Wadda ta shiga rumbun kwamfuta, aka kwafe ta aka aika wa ɗan'uwa a Gusau da wani a Kano, wa zai bi ta ya dawo da ita? A wannan rana abin da muke bukata shi ne mu rufe tagar kome ya koma yadda yake. Da manhajar irin mai adanawa a ɓoye ce, da mun tashi daga zauren nan da jita-jita a rubuce a matsayin tarihi, ba tare da mun sani ba.

Ashe ke nan dannawa ɗaya ce, a wuri ɗaya, amma a Maradun tana nufin "na gama, riƙe mini", a Bakura kuma tana nufin "na fasa". Manhaja ba ta da hanyar sanin wanne ake nufi, domin ita alamar X ba ta ɗauke da niyya. Maɓallin amincewa magana ce, maɓallin sokewa ma magana ce, mutum ya faɗi abin da yake so. Rufe taga kuwa tashi ne kawai. In baƙo ya miƙe a zaurenka ya nufi ƙofa alhali ga ƙunshin kayansa a kan tabarma, ba za ka jefa kayan a bola ba, ba kuma za ka kai su ɗaka ka kulle ba. Cewa za ka yi, "Malam, ga kayanka, ajiya ka bari ko mantuwa ka yi?" Abin da nake nema ga manhaja ke nan. Matambayi ba ya ɓata.

Sai dai akwai masu sukar wannan ra'ayi, kuma sukarsu tana da ƙarfi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Wani masani mai suna Aza Raskin ya yi rubutu a 2007 yana nuna cewa in gargaɗi ya yi yawa hannu yakan saba, mutum ya riƙa danna amsa tun kafin ido ya karanta tambayar, don haka ya fi kyau a ba mutum hanyar warware abin da ya yi a kan a tsare shi da tambaya. Gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu na bakin makaranta ya ga yadda masu bugawa suke kore irin waɗannan tambayoyi kamar suna korar ƙuda. Tun 1994 ma Jakob Nielsen ya sa hana kuskure da ba mutum ƙofar komawa baya a cikin ƙa'idojinsa goma na tsara manhaja. Amsata ita ce, laifin na tambayar banza ne. In na buɗe shafin kakana don in duba shekararsa kawai, ban taɓa kome ba, to in rufe a bar ni in tafi. In na rubuta harafi na goge shi, kome ya koma yadda yake, nan ma babu abin tambaya. Manhaja ta gwada abin da ke cikin tagar da abin da ke cikin rumbu, sai in sun saɓa sa'an nan ta buɗe baki. Tambayar da ba ta zuwa sai da dalili ita ake saurara.

In kuwa za ta yi tambayar, ta faɗi abin da ke kan tabarma. "Akwai canje-canjen da ba a adana ba" ba ta gaya wa ƙanena kome ba. Da cewa ta yi, "Ka shigar da mata huɗu da 'ya'ya goma sha tara a ƙarƙashin wane, ba a adana ko ɗaya ba," da hannunsa ya tsaya. Wannan ya fi muhimmanci a inda tagogi suka hau kan juna, domin mutum yakan danna amincewa a tagar ɗa, ya ɗauka ɗan ya shiga rumbu, alhali kuwa yana rataye ne a jikin tagar uba, in ta faɗi ya faɗi.

Game da hanyar warwarewa kuma, ina goyon bayanta, amma da sharaɗin ta zauna a cikin kwamfutar da ke gabana. Wanda ya tsara manhajarsa a inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma kamar iska, yakan manta da irinmu. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. Ajiyar da sai da intanet ake kai wa gare ta ba ta da amfani a irin wannan lokaci. Baturi ma yakan mutu ana tsakiyar hira, shi kuwa ba ya tambayar kowa. Abin da ya dace shi ne manhaja ta riƙa tsare ɗanyen rubutu a gefe, a wani wuri dabam da rumbun salsala, yadda in an sake buɗe ta za ta ce ga abin da ka bari jiya, a shigar ko a zubar? Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan tsari. Abin da ke kan allo bai zama hadda ba tukuna, amma ba mai wanke maka shi don ka tashi shan ruwa. Sai ka biya wa malam, ya ce ka wanke, sa'an nan a wanke.

Akwai kuma wani ɗan akwati da wasu manhajoji kan sa a ƙarƙashin tambayar, wai in ka sa masa alama ba za a sake tambayarka ba har abada. A ƙasar da kowa ke da kwamfutarsa watakila ba laifi. A gidanmu kwamfuta ɗaya mutum biyar ke taɓa ta, in ɗaya ya gaji ya kashe tambayar, ya kashe wa sauran huɗun ba da saninsu ba.

Yanzu bari in zo inda abin ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa, domin irin su Gramps a buɗe suke ga masu fassara, wata rana kuwa wani daga cikin masu karanta wannan mujalla shi zai zauna ya sa wa waɗannan maɓallai suna. Kada ya kuskura ya sa "I" da "A'a". Malamanmu na nahawu sun koya mana cewa Bahaushe yana amsa tambayar korewa ne ta hanyar gaskata mai tambaya. In ka ce, "Bai zo ba?" ya ce "I", yana nufin bai zo ba. Bature kuwa a nan "a'a" zai ce. To in aka fassara tambaya aka ce, "Ba ka son a adana?" aka sa "I" da "A'a" a ƙasa, wanda ya yi boko da wanda bai yi ba za su danna maɓalli dabam-dabam alhali abu ɗaya suke nufi. Kalmar "soke" ma tarko ce a wannan wuri. Me za a soke, rubutun ko rufewar? Mutum na iya danna ta yana nufin a fasa rufewa, wani ya danna yana nufin a zubar da rubutun. Har "ajiye" ban yarda da ita ba, don Bahaushe yakan ce wane ya ajiye aiki, watau ya bar shi. "Adana" ta fi, domin ba a adana abu sai ana son a sake samunsa.

Ni da za a ba ni aikin, maɓalli uku zan sa, kowanne da aikatau a bakinsa: "Adana ka rufe", da "Zubar ka rufe", da "Koma ga rubutu". Na zubarwa zan nisanta shi daga sauran biyun, yadda yatsa ba zai zame ya faɗa kansa ba. In kuma mutum ya rikice ya danna alamar X ta ita kanta tagar tambayar, ko ya taɓa maɓallin Esc, to a ɗauka "Koma ga rubutu" ya ce, a mai da shi inda yake, da matan kakansa huɗu da 'ya'yansu suna nan yadda ya bar su.